Giwa Ta Tsallake Jirgi, Ta Tarar da Tirela

Aikin da na ci abinci da shi har na yi ritaya shi ne hanya: awo, ciko, kwalbati, gada. Mai irin wannan sana'a ba ya tafiya kamar sauran mutane. Kowa yana kallon duwatsu da itatuwa ta taga, shi idonsa na kan magudanar ruwa yana lissafin buhunan siminti. Don haka da ɗan ƙanwata da ke karatun tattalin arziki a Nairobi ya ce tunda na zo duba shi sai mun shiga jirgin Mombasa mun ga giwaye, na amsa da wuri, amma da tawa manufar. Na daɗe ina jin cewa Kenya ta ci bashi ta shimfiɗa sabon layin dogo, kuma a cikin kuɗin har da na mashigar da namun daji za su riƙa bi ta ƙarƙashinsa. Ina so in ga abin da aka gina, in kuma ga ko waɗanda aka yi dominsu sun karɓa.

Mun fara da gandun dajin Nairobi, wanda yake manne da birnin. An kafa shi a 1946, faɗinsa murabba'in kilomita 117 kacal, kuma da gaske ne abin da ake nunawa a hoto: raƙumin dawa yana kiwo, dogayen benaye suna bayansa. Babu giwa a ciki, amma akwai zaki, akwai ɓauna, akwai karkanda. A tsakiyarsa wata gada ta ratsa, doguwa kusan kilomita 6, a kan ginshiƙan kankare masu matsakaicin tsayin mita 18. Ita ce ta ɗauki reshen layin da ya nufi Naivasha, wanda aka buɗe a 2019. An sha rigima kafin a yi ta, har da zanga-zanga da zuwa kotu, don masu kare daji sun so a kewaye gandun gaba ɗaya. Gwamnati ta ce kewayen zai ci kuɗi, aka tsaya a kan ɗaga layin sama. Na sa direba ya tsaya na ƙare mata kallo. Jakunan dawa suna kiwo a inuwarta, ba abin da ya dame su. A matsayin aiki ba ni da ta cewa.

Abin da ya fi gadar muhimmanci ga wannan gandu yana kudu, inda ba a yi shinge ba. Gefe uku an killace, gefen kogin Mbagathi aka bari a buɗe, domin ta nan dabbobi suke fita zuwa filayen Kitengela da damina su dawo da rani. To Kitengela ta zama gari. An yanka filoti, an ja waya, an kafa masana'antu. Ƙofa na nan a buɗe, wurin zuwa ne yake ƙarewa. Na riƙe wannan a raina, don na sake cin karo da irinsa a gaba.

Tashar jirgin tana Syokimau, bayan gari. Tikiti ta waya ake saye da M-Pesa, wato hanyar biyan kuɗi ta waya ta can, kuma kafin a shiga sai kowa ya jera kayansa a ƙasa kare ya bi yana shinshinawa. Ni dai na zare dardumata na rungume. Mun ɗauki na safe mai tsayawa a ƙananan tashoshi. Bayan Athi River ƙasa ta buɗe, ciyawa har iyakar gani, ga jimina nan jefi-jefi da barewa. Daga Emali zafi ya soma ƙaruwa, zuwa Kibwezi sai ga kukoki tsaye cikin jar ƙasa kamar mutum yana hanyar Azare. Yaron yana ta ɗaukar hoto, ni kuma ina tambayarsa kuɗi.

Lissafin da ya ba ni shi ne wanda kowa ya sani a can. Layin Mombasa zuwa Nairobi kimanin kilomita 470 ne, kamfanin China Road and Bridge Corporation ya gina, Shugaba Uhuru Kenyatta ya buɗe ranar 31 ga Mayu, 2017. Ya ci sama da dala biliyan 3, kuma kashi 90 cikin 100 bashi ne daga bankin Exim na China. Har yau ana biya, kuma daga aljihun mai biyan haraji ake cikawa.

Daga Mtito Andei aka shiga Tsavo. Gandu biyu ne, na Gabas da na Yamma, an kafa su a 1948, in an haɗa sun haura murabba'in kilomita 20,000. A takarda biyu ne, ga giwa kuwa daji ɗaya ne, tana bin ruwa da ganye daga wannan gefe zuwa wancan yadda kakanninta suka yi. Abin da ya raba su duk aikin ɗan Adam ne, kuma daga kujerar jirgi ana ganin wasunsu a jere: tsohon layin dogon da Turawan Ingila suka fara a 1896, babban titin Mombasa, turakun lantarki, ga bututun mai a binne, sannan sabon layin da muke kai. A kan wancan tsohon layin ne, a 1898, zakuna biyu marasa geza suka riƙa ɗauke leburori lokacin da ake gina gadar kogin Tsavo, har aiki ya tsaya. Injiniyan aikin, John Patterson, ya harbe su, fatunsu suna wani gidan tarihi a Chicago. Mun wuce ta sabuwar gadar kogin, mai tsawon kusan kilomita 2, cikin abin da bai fi minti biyu ba.

Bari in yi bayanin abin da ya bambanta tsohon layi da sabo, don a nan maganar take. Tsohon yana bin ƙasa yadda ta zo, ya hau tudu ya gangara, ya yi kwana. Giwa tana taka shi ta wuce, wani lokaci jirgi ya buge ta. Sabon an yi shi ne don gudun kilomita 120 a awa da kaya masu nauyi, kuma irin wannan layi ba ya son hawa da sauka, ba ya son kwana mai tsanani. Sai a cike kwari, a yanke tudu. A wasu wurare cikon ya kai mita 10, an kuma bi shi da shinge. Ma'ana an gina ganuwa mai tsawon sama da kilomita 100 a tsakiyar daji. Duk mai ƙafa huɗu da ke son ƙetarewa sai ya nemi ƙofa: ko ƙarƙashin gada, ko cikin kwalbati, ko mashigar da aka bari musamman.

A Voi muka sauka, gari mai zafi a gindin duwatsu, da masallatai da shagunan Somaliyawa, ba mu sha wahalar abinci ba. Muka ɗauki hayar wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen rufi. Direban ɗan ƙabilar Taita ne, ya yi shekaru yana jan tirela daga tashar jiragen ruwa ta Mombasa zuwa Kampala kafin ya koma ɗaukar baƙi. Da yaron ya gaya masa cewa kawunsa ƙarƙashin gada yake son gani kafin giwa, ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Baba, kai ne baƙo na farko da ya biya ni don in kai shi kallon siminti."

Mashigar da ya kai mu babba ce, mai faɗi, rana tana shiga ta fita ta ɗaya gefen, kuma tsayinta zai ɗauki raƙumin dawa ba tare da ya sunkuya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dabbar da ake farauta ba ta shiga ramin da ba ta hango ƙarshensa, kuma dogon kwalbati mai duhu, ko da ya ishe ta wucewa, kura da dila ne kawai za su yi marhabin da shi. A ƙasa akwai shaida: kashin giwa, wani busasshe wani ɗanye, da sawunta mai faɗin faranti, da kofaton jakin dawa. Akwai kuma sawun shanu da awaki da tayar babur. Direban ya ce wasu mashigan makiyaya da masu gawayi sun mayar da su nasu, har da rumfuna a kusa, kuma inda mutum ya yi sansani uwar garke ba ta kawo 'ya'yanta. A 2016, tun ana cikin gini, hukumar namun daji ta KWS da ƙungiyar Save the Elephants suka ɗaura wa giwaye 10 na'urar bin sawu a wuya don su ga yadda za su yi da ganuwar. Abin da aka gani shi ne suna amfani da mashigan, galibi da dare, kuma da sauri suke wucewa.

Na bi sawun da ƙafa na fita ta ɗaya gefen, direban yana gargaɗina kada in yi nisa. Ban yi nisan ba. Tun kafin in fita daga inuwar gadar nake jin ƙugin injuna, da na ɗaga kai sai ga titin Mombasa, tirela na bin tirela, kwantena da tankar mai, kayan Uganda da Ruwanda da Sudan ta Kudu da gabashin Kwango duk a kan kwalta ɗaya mai hannu biyu. Sawun giwar ya miƙe ya nufi can. A bakin titin babu gada, babu mashiga, sai allo mai hoton dabba. An tattara namun dajin da a da suke ƙetarewa a warwatse, an tura su ta 'yan ƙofofi, an sako su a gaban tirela. An gudu gara an faɗa zago.

Direban ya san wannan titi da dare. Ya ce giwar Tsavo ja ce don turɓayar da take wanka da ita, kuma a hasken fitila ba ka bambanta ta da duhu sai ka zo kanta, domin idonta ba ya ƙyalli kamar na barewa. Mota mai ɗauke da tan 30 ba ta tsayawa don an taka burki. "Baba, in ka buge ɓauna ka yi asarar gaban mota. In giwa ce, sai dai a kira gidanku." Wani bincike da aka buga a 2021 ya ƙirga gawarwakin dabbobi sama da 1,400 a titin yankin Tsavo cikin kwana 164 na bincike tsakanin 2007 da 2018, yawancinsu ƙanana da tsuntsaye waɗanda ba mai ba da labarinsu.

Na san yadda irin wannan take faruwa, domin na zauna a irin ɗakunan da ake yanke ta. Layin dogo hukumarsa daban, titi hukumarsa daban, daji hukumarsa daban. Kowa yana da kasafinsa da iyakar filinsa. Ɗan kwangilar jirgi an ba shi zane ya kai dabba ƙarshen filin jirgi, ya kai ta, an biya shi. Abin da ya same ta bayan taku ɗari ba ya cikin takardarsa. Ba mugunta ba ce, kuma ba lallai sata ba ce. Kowa ya yi aikinsa daidai, aikin ne bai haɗu ba.

Washegari muka shiga Tsavo ta Gabas. Kuɗin shiga ta intanet ake biya, kuma baƙo yana biyan ninkin-ba-ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya, wanda ban ga laifinsa ba. A madatsar Aruba, da aka yi a 1952 a kan kogin Voi, muka tarar da garke, jajaye kamar an shafa musu kunun bulo, ƙananan suna tsakiya. Na yarda, na manta da siminti na ɗan lokaci. A 1973 Kenya tana da giwaye kimanin 167,000. Zuwa 1989 masu neman haure sun mayar da su ƙasa da 20,000, kuma a shekarar ce Shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na haure wuta a gandun Nairobi. Ƙidayar 2021 ta samu sama da 36,000. Wannan farfaɗowa da kuɗi aka saye ta: albashin masu gadi, mota, mai, jirgin sintiri. Hukumar KWS tana dogaro ƙwarai da kuɗin ƙofa, shi ya sa da korona ta hana baƙi zuwa a 2020 ta shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

Can arewa a kogin Galana akwai inda ruwa ya ƙwaƙule dutse ya matse cikin tsaga yana tafasa, kadoji suna kwance daga ƙasa. Sunan wurin Lugard Falls. E, shi dai, Gwamna Lugga. Ya bi wannan kogi a 1890 yana yi wa wani kamfanin Ingila aiki, shekaru 13 kafin sojojinsa su shiga Kano da Sakkwato. Na ce wa yaron ashe mutumin nan ko'ina sai da ya bar mana sunansa.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai ba a cikin gandun yake ba. Direban ya kai mu ƙauyen su matarsa a gindin dutsen Sagalla, inda gonakin masara da wake suke fuskantar daji. Kusan kashi 62 cikin 100 na ƙasar gundumar Taita Taveta gandun Tsavo ne ya cinye, kuma mutanen wurin sun daɗe suna neman a ba su kaso daga kuɗin ƙofa. Su ne suke kwana a gona da tocila da gwangwani. A nan na ga shingen amya: an kafa turaku, an rataya amya kowane taku goma sha wani abu, an haɗa su da waya ɗaya. Giwa ta taɓa wayar, amyoyin su girgiza, ƙudan zuma su fito. Duk girmanta tana tsoron harbi a cikin hanci da gefen ido. Wata mai bincike, Lucy King, ita ta yi fice da wannan dabara, kuma gwajin da aka yi a yankin ya nuna tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na giwayen da suka tunkaro. Ga zuma ta sayarwa. Sai dai in fari ya yi tsanani zuman yakan gudu ya bar amya fayau, daidai lokacin da giwa ta fi yunwa.

Surukar direban, tsohuwa mai kaifin baki, ta kawo mana shayi ta zauna. Da ta ji abin da ya kawo ni sai ta shiga ɗaki ta fito da takardu a cikin leda. Dokar namun daji ta 2013 ta ce in dabba ta kashe mutum a biya iyalinsa shilin miliyan 5, in ta nakasa shi miliyan 3, in ta ci gona a biya kimar amfanin. Ita gonarta aka ci. An zo an auna, an cike fom, kwamiti ya zauna. Ta ce jikan da aka haifa a shekarar yanzu yana zuwa makaranta. Ba ita kaɗai ba ce. Bashin diyyar da ke kan gwamnati ya kai biliyoyin shilin, kuma jami'ai da kansu suna faɗa. Ta ce wa surukinta ya gaya mini, "An yi wa giwa ƙofa ta zo gonata. Ni wa ya yi mini ƙofar zuwa wurin mai biya?"

A hanyar komawa Voi muka yi musu da yaron. Shi yana ganin ƙasar da matasanta suka fito a Yunin 2024 kan ƙarin haraji har suka kutsa majalisa ba ta da bakin cewa za ta gina wa kura gada. "Kawu, asibiti babu magani, ga bashi, sai a ce a fara da dabba?" Maganarsa tana da nauyi, kuma tsohuwar nan tana bayansa.

Amma ni ban ɗauki mashigar titi a matsayin sadaka ga dabba ba. Wanda yake mutuwa a gaban tirela ɗan wani ne. Titin da ya toshe awa shida saboda haɗari, kayan ƙasashe huɗu ne suka tsaya. Baƙin da suke kawo wa Kenya dala giwar suka zo gani. Kuma an gwada an gani. A gandun Banff na Kanada an yi wa babban titi shinge da mashigai 44, shida ta sama, 38 ta ƙasa, karo da namun daji ya ragu da sama da kashi 80 cikin 100. Kada a ce sai mai arziki: a Kenya ɗin nan, a titin Nanyuki zuwa Meru, an huda mashiga guda mai tsayin mita 4 da rabi a ƙarshen 2010, ta haɗa dajin Dutsen Kenya da na Ngare Ndare ta wani burtali mai kilomita 14, giwaye suka kama bi ba da daɗewa ba. Masu ba da taimako ne suka biya, ba baitulmali ba, kuma abin da aka kashe bai kai kuɗin kilomita guda na sabon layin dogo ba. Mu ma muna da irin wannan gaba: raƙuman dawan Kure a Nijar, waɗanda suka ragu zuwa kusan 50 a 1996 suka farfaɗo suka haura 600, titin Yamai zuwa Doso ne ya ratsa makiyayarsu.

Inda na fi ganin laifin masu kasafi shi ne son abin da ake yanke wa ƙyalle. Gada tana da ranar buɗewa, da allo mai sunan shugaba. Gyaran wayar da giwa ta tsinka ba shi da biki. Albashin wanda zai hana a kafa rumfa a bakin mashiga ba shi da biki. Diyyar gonar tsohuwa ba ta da biki. Waɗannan su ne ƙananan kuɗi, su ne kuma ake fara yankewa, alhali in babu su babban kuɗin da aka zuba ya zama aikin baban giwa.

An daɗe ana maganar faɗaɗa titin Mombasa ko gina sabo mai hannu da yawa kusa da shi. Na ce wa yaron in ni aka ba zanen, kowace mashigar jirgi sai ta samu 'yar'uwarta a titi, daidai saitinta, don hudawa lokacin gini ta fi araha nesa ba kusa ba a kan a dawo a fasa kwalta. Zan hana gini tazarar kilomita guda kowane gefe. Kuɗin gyaran shinge na shekara 10 da asusun diyya kuma zan sa su a cikin kwangilar tun farko, a shafi ɗaya da siminti, yadda ba mai iya cire ɗaya ya bar ɗaya. Kafin nan ko tudun rage gudu da kyamara a wuraren da aka san suna ƙetarewa sun rage wani abu.

Ya gama saurarona, ya ce, "Kawu, ai shi ya sa ba za a ba ka zanen ba." Direban ya tambayi me ya ce, aka fassara masa, ya yi dariya har da dukan sitiyari, sannan ya ce mu yi sauri, shi ba ya bin wannan titin bayan magariba.